Maƙala 120 da ambato 2,400: sun isa a zaɓi mai duba aiki da su?

Tambayar ta fito ne daga wata ma'aikaciyar jinya a Gusau. Shekara huɗu ke nan tana aiki da matan da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, kuma tana son yin digiri na biyu a kan ciwon damuwa a tsakaninsu. Malamai biyu ne za su iya duba mata aikin, dukansu masu bincike a fannin lafiyar al'umma da halayyar ɗan Adam. Shafin malami na farko a Google Scholar, wato rumbun neman maƙalun ilimi na Google, ya nuna maƙala 120, ambato 2,400, ma'aunin h 15, kuma shekara 20 yana wallafawa. Ta biyun mace ce, maƙalarta 28, ambato 410, ma'aunin h 11, shekara 9 da fara wallafawa. Ta ce: "Kowa cewa yake in bi na farkon. Me lambobin nan ke nufi, kuma sun isa in yanke hukunci da su?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri a kan aikin da kike yi da bayin Allahn nan, ya kuma kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ni malamin lafiyar al'umma ne a nan Birnin Kebbi, kuma na sha zama a kwamitin da ke duba takardun malamai masu neman ƙarin girma, don haka irin waɗannan lambobi na san inda suke da amfani da inda suke ruɗar mutum. Amsar a taƙaice ita ce ba su isa ba. Amma kada ki watsar da su, domin in kin iya karanta su, su da kansu za su nuna miki inda za ki tona.

Ambato shi ne wani marubuci ya sa maƙalarka cikin jerin ayyukan da ya dogara da su. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya kawo shawarar a riƙa tattara wannan lissafi tun 1955, kuma kundinsa na farko ya fito a 1964. Nufinsa na asali mai bincike ya iya bin sawun ilimi, ya ga wa ya ɗauka daga wa. Mu da muka taso a zaure wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin isnadi ke nan. Kuma malaman hadisi sun riga kowa sanin cewa magana tana iya shahara a bakin mutane alhali sanadinta mai rauni ne. Ambato shahara yake aunawa. Inganci kuwa sai an buɗe takardar an duba.

Ma'aunin h wani masanin kimiyyar fiziya ne a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005. Idan aka ce na mutum 15 ne, ana nufin yana da maƙala 15 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 15. To ki lura da abin da wannan ke faɗa game da malami na farko: cikin maƙala 120, guda 105 babu wadda ta wuce ambato 15, kuma ba mamaki da yawansu ba wanda ya taɓa ambata. Malamar kuwa, cikin 28, guda 11 sun kai ambato 11 ko fiye. Kusan kashi biyu cikin biyar na aikinta ke nan ake amfani da shi sosai, shi kuwa kashi ɗaya cikin takwas.

Akwai wani lissafi da Hirsch ya yi a maƙalar tasa wanda mutane ba su cika kulawa da shi ba. Ya ce bisa abin da ya gani, jimillar ambaton mutum takan zama ma'auninsa na h a ninka shi da kansa, sannan a ninka sau uku zuwa biyar. Ki gwada da malamar: 11 sau 11, 121 ke nan, sau uku 363, sau biyar 605. Nata 410 ya faɗa tsakaninsu. Ki gwada da malamin: 15 sau 15, 225, sau biyar 1,125. Nasa 2,400 ya ninka hakan har da ɗori. Wannan ba laifi ba ne, amma alama ce cewa maƙala ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da rabin kayan. Sai ki danna ki ga waɗanne ne. In aikinsa ne na kansa, shi ya tsara shi ya rubuta, to lallai ya yi abin yabo. Amma a fanninmu na lafiya abin da aka fi samu shi ne manyan maƙalun haɗaka, irin na lissafin nauyin cututtuka a duniya da mujallar Lancet ke bugawa, inda marubuta kan kai ɗaruruwa. Kowane ɗaya daga cikinsu ana zuba masa ambaton gaba ɗaya a shafinsa, ko da gudummawarsa ita ce duba alƙaluman ƙasarsa ya mayar da saƙo. Irin wannan maƙala ba za ta gaya miki ko mutum ya iya tsara bincike a sansanin 'yan gudun hijira ba.

Sannan ma'aunin h ba ya raguwa, sai dai ya ƙaru, don haka yana fifita wanda ya daɗe. Hirsch ya ga wannan, shi ya sa ya ce a raba shi da shekarun da mutum ya yi yana wallafawa. Na malamin 15 a raba 20, bai kai ɗaya ba. Na malamar 11 a raba 9, ya ɗan haura ɗaya. Da lambobin da aka ce miki sun fifita shi, da su ɗin ne za a iya cewa ita ce ke tafiya da sauri.

Wata matsala kuma tamu ce ta musamman, ita ce ta suna. Shafin Google Scholar mutum ne ke buɗe wa kansa, kuma in ya bar shi a kan ya riƙa ƙara maƙalu da kansa, na'urar takan kwaso duk abin da ya yi kama da sunansa. A jami'o'in Arewa ki ƙirga masu sa hannu da A. Abubakar ko M. Bello ko U. Muhammad, ga kuma Muhammad ɗin kansa ana rubuta shi hanya uku ko huɗu. Na taɓa duba shafin wani malamin lafiya na tarar da maƙalu a kan takin zamani da simintin gini, shi kansa bai san sun shiga ba. Don haka ki bi jerin da ido, layi bayan layi. In malami yana da lambar ORCID, wato lambar shaida mai alƙaluma 16 da aka fara ba masu bincike a 2012, ta fi suna abin dogaro. Ki kuma nemi sunansa a Scopus da PubMed, wasu manyan rumbunan maƙalun bincike. Google Scholar komai yake ƙirgawa, har kundin ɗalibai da ambaton da mutum ya yi wa kansa, su kuwa waɗancan mujallun da suka tantance kaɗai suke ɗauka. Za ki ga lambar ta ragu, wannan al'ada ce. Abin dubawa shi ne yawan raguwar. Maƙala 120 su koma 70, babu damuwa. Su koma 9, akwai magana.

Sai dai ki yi adalci a nan. Akwai mujallun Afirka na ƙwarai, masu tantance aiki da gaske, waɗanda ba su shiga Scopus ba, kuma da yawansu za ki same su a rumbun AJOL da aka fara a 1998. Rashin shiga Scopus kaɗai ba ya mayar da mujalla ta bogi.

Na bogin kuwa suna nan da yawa, kuma su ne suka fi ɓata mini rai a wannan harka. Ka biya kuɗi a buga maka, babu mai karantawa balle ya gyara. A 2013 wani ɗan jarida mai ilimin kimiyya, John Bohannon, ya rubuta maƙalar ƙarya da gangan, cike da kurakuran da ɗalibin shekarar farko zai gane, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka amince su buga ta. Ya ba da labarin a mujallar Science. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya rufe shafinsa a farkon 2017. Yadda za ki gane su ba wuya. A shafin farko na maƙala akan rubuta ranar da aka karɓe ta da ranar da aka amince da ita. Tantancewa ta gaskiya takan ɗauki makonni ko watanni, domin sai an aika wa masana biyu ko uku sun karanta, sun dawo da gyara, marubuci ya gyara an sake dubawa. In kin ga kwana uku ko biyar tsakani, ba a yi wannan aikin ba. Haka in kin ga mujalla ɗaya tana buga aikin likitanci da na injiniya da na adabi a fitowa guda. Akwai wata ɗalibata da ta tara kuɗin albashinta na wata biyu ta biya irin wannan mujalla, saboda wani babba ya ce mata nan ake bugawa da sauri. Aikinta mai kyau ne a kan mata masu jego, amma ya tafi inda babu mai ganinsa, kuma tunda an riga an buga, mujallar ƙwarai ba za ta sake karɓa ba. Har yau abin yana damuna. Mai duba aikin da rabin maƙalunsa a irin waɗannan wurare suke, can zai tura ki.

Yanzu ga abin da ya fi shafar fanninki. Ilimin halayyar ɗan Adam ya shiga wani hali a shekarun baya wanda ya kamata duk mai shigarsa ya sani. A 2015 wata tawagar masu bincike kimanin 270 ta ɗauki bincike 100 da aka buga a manyan mujallu uku na fannin, ta sake yin su daga farko. A na asali, 97 sun ce sun sami sakamako mai ƙarfi. Da aka maimaita, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka ba da irin wannan sakamako. Bayan haka, a 2021, Marta Serra-Garcia da Uri Gneezy suka bi sawun ambaton irin waɗannan maƙalu, suka tarar waɗanda suka kasa maimaituwa sun fi waɗanda suka tabbata samun ambato. Dalilin a bayyane yake: sakamako mai ban mamaki shi ya fi daɗin faɗa. Ga kuma Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg a ƙasar Holan, babban farfesa mai tarin ambato, wanda aka gano a 2011 cewa ƙirƙirar alƙalumansa yake yi, har aka janye maƙalunsa fiye da hamsin. Ɗalibansa na digiri na uku da suka gina kundinsu a kan alƙaluman da ya ba su, su ma abin ya shafe su ba tare da sun yi laifin komai ba. A ɓangaren lafiya ma, maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata larurar ƙwaƙwalwa ta yara, wadda Lancet ta janye a 2010, tana da ambato masu ɗimbin yawa, da dama daga cikinsu na masu ƙaryata ta ne. Na'ura ba ta bambanta wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya rushe maganarka.

Shi ya sa nake so ki ware yamma biyu ki yi abin da mafi yawan masu ba ki shawara ba su yi ba. Ki ɗauki maƙala biyar daga kowane malami, waɗanda sunansa ya zo na farko ko na ƙarshe, tunda a al'adar fannin lafiya na farko shi ya yi gundarin aikin, na ƙarshe kuma galibi shi ne babban da ya jagoranta. Kada ki tsaya a taƙaitawar sama. Ki tafi kai tsaye sashen da ake bayanin yadda aka yi binciken, domin nan ne mutum ba ya iya ɓoye kansa. Mutum nawa aka tambaya, kuma ta yaya aka zaɓo su? Ɗalibai ne da aka raba wa takarda a aji, ko kuwa an bi gida gida? Wane kwamiti ne ya ba da izinin binciken, kuma an nemi yardar mutanen da harshen da suke ji? Wa ya yi tambayoyin? Ke kin fi ni sanin cewa matar da aka kashe mijinta a gabanta, ko aka ci zarafinta a daji, ba za ta buɗe cikinta ga saurayi mai riƙe da takarda a gaban jama'a ba, za ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi, a rubuta ba ta da damuwa.

Sai maganar harshe, wadda ita ce zuciyar aikinki. Yawancin ma'aunan da ake amfani da su a Turai da Amurka aka tsara su. Takardar PHQ-9 mai tambaya tara ta auna ciwon damuwa, wadda aka wallafa gwajin ingancinta a 2001, da ta Edinbara mai tambaya goma ta mata masu jego, ta 1987, duk da Turanci aka rubuta su. Matanmu kuwa ba kalma ɗaya suke da ita ba. Wata za ta ce tunani ya yi mata yawa, wata ta ce zuciyarta ta ƙuntata, wata ta ce jikinta ya mutu ko kanta na yi mata nauyi, wata ta ce barci ya ƙaurace mata tun ranar da aka shigo garinsu. Wata kuma ba za ta faɗi komai ba, don tana ganin faɗar rashin tawakkali ne. Mai bincike na gaske zai bayyana yadda aka fassara takardar zuwa Hausa, wani daban da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci don a kwatanta, sannan aka gwada ta a kan mutane kaɗan kafin a fita fili. Zai kuma faɗa a fili cewa wannan takarda ta tacewa ce, likita ne ke tabbatar da ciwo. In kin karanta maƙala an ce kawai an fassara wa waɗanda ba su jin Turanci, to kowane mai tambaya da irin tasa fassarar ya yi, kuma alƙaluman da suka fito ba su da tushe, ko an ambace su sau ɗari. Malamin da ya taɓa shan wannan wahalar ta fassara, ko a maƙala ɗaya ce, ya fi miki amfani a kan mai maƙala hamsin na tambayar ɗalibai a aji.

Ban ce yawan ambato ba ya tafiya da inganci ba. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan yana cikin likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka da aka fi ambata, kuma aikinsa ne ya jawo masa. Shi ya jagoranci binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na gida gida da aka buga a 2006, wanda aka tambayi mutum 4,984, aka tarar kimanin kashi 12 cikin 100 sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu. Amma ki lura, a yankunan da ake jin Yarabanci aka tattara waɗannan alƙaluma, kuma shekaru kafin abin da ke faruwa a Zamfara yanzu. Har yau ana ɗaukar irin waɗannan lambobi a yi magana da su a kan Najeriya duka. Giɓin da kike son cikewa na gaske ne.

Kuma ki shirya wa wani abu tun yanzu: aikin da ya shafi ƙauyukanmu ba ya tara ambato kamar wanda ya shafi abin da ke damun Amurka, domin masu ambaton a can suka fi yawa. Ki tuna gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya kashe yara aƙalla 400. Likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta duniya MSF ne suka fara lura da yawan mutuwar. Daga baya aka buga bayanin yadda aka ba yaran maganin fitar da gubar na haɗiya har zagaye 3,180, a mujallar PLOS Medicine a 2014. Darajar wannan maƙala tana wurin likitan da zai tarar da irin wannan annoba gobe a inda babu gadon asibiti isasshe, ya san cewa an taɓa yi kuma ga yadda aka yi. Haka ciwon noma, wanda ke cin fuskar yaran talakawa, wanda ake yi wa aiki a asibitinsa na Sakkwato: shekaru masu yawa masu bincikensa kaɗan ne, masu ambatonsu ma kaɗan, amma da irin rubuce-rubucensu Najeriya ta kafa hujja har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023. Wannan tasiri babu gurbinsa a shafin Google Scholar. Su kansu masana sun gane haka, shi ya sa sanarwar San Faransisko ta 2012 ta nemi a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, a koma duba aikin kansa.

Saura abu ɗaya da jerin maƙalun zai nuna miki in kin duba da kyau, shi ne halin mutum da ɗalibansa. Ki nemi maƙalun da suka fito daga kundin ɗalibai. Sunan ɗalibin ne a farko, ko na malamin? Ko ma babu sunan ɗalibin sam? Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ita ce marubuci sai wanda ya sa hannu a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutun, ya amince da shi, ya kuma ɗauki alhakinsa. In kin ga mutum shida suna fitowa tare a kowace maƙala, yau a kan zazzaɓin cizon sauro, gobe a kan shaye-shaye, jibi a kan ciwon haƙori, sunaye kawai ke musayar wuri, to adashe ake yi: sa ni a taka in sa ka a tawa. Ta haka mutum ke tara maƙala goma sha biyar a shekara yana kuma koyar da aji shida.

Daga abin da kika kawo mini, zuciyata ta fi karkata ga malamar, amma ban karanta aikin ko ɗayansu ba, ke ce za ki karanta. Bayan kin gama, ki nemi tsofaffin ɗalibai biyu na kowannensu ki tambaye su a keɓe: wata nawa babi ke yi a hannunsa kafin ya dawo, da jan biro yake dawowa ko da sa hannu kawai, kuma shekara nawa suka yi kafin su gama. Sannan ki je wurin kowannensu da shafi ɗaya na abin da kike son yi, ki tambaye shi me za a yi wa matar da aka tarar tana tunanin kashe kanta a tsakiyar tambayoyi, wa za a miƙa ta gare shi a Gusau, kuma wa zai biya kuɗin motar in sai an kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Ki rubuta amsar kowannensu ki turo mini tare da maƙalu goman, in Allah ya yarda zan duba miki su kafin a rufe karɓar takardu.